Baƙuwar Fili na Goma Sha Huɗu

Karo na uku ke nan Dakta ta goge zanen ta sa kwamfuta ta sake fitar da shi, kuma karo na uku layukan nan biyu suka ƙi haɗuwa. Koren layi, na tauraron ɗan'adam, sai hawa yake yi shekara bayan shekara. Jan layi kuwa, wanda aka ciro daga littafin mai awo a ƙasa, ya sunkuyar da kai yana ta gangara. Shekara bakwai suna tafiya a haka, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya.

"Ko sau ɗari za ki danna, abin da zai ba ki ke nan," in ji Shugaba, wanda ya tsaya a bayanta da kofin shayi a hannu.

Ba ta juyo ba. Ta dai ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Aikin da aka ɗora mata ba mai wuyar faɗa ba ne. Cibiyarsu tana da filayen awo guda arba'in a dajin kiwo. Duk ƙarshen damina masu awo kan shiga su yanki ciyawa, su shanya, su auna, su rubuta. Lambobin nan ake ɗura wa wani tsarin lissafi da ke cikin kwamfuta, shi kuma ya faɗi yadda dajin zai kasance nan da shekara goma, da yawan dabbobin da zai iya ɗauka. 'Yan ofis sun laƙaba masa suna Boka. To, yanzu an ce a duba ko hotunan tauraro za su iya ciyar da Boka ba sai mutum ya sha rana da lauje a hannu ba. Wata shida ta yi tana gwada lambobin sama da na ƙasa. A filaye talatin da tara sun yarda da juna, har abin ya ba ta sha'awa. Na goma sha huɗu ne kaɗai ya yi taurin kai.

Shugaba ya jawo kujera ya zauna, ya rage murya. "Ba sai na tambaye ki mai auna filin ba."

Ai kuwa ba sai ya tambaya ba. Daga maigadi har mai shara, kowa ya san Malam Mai Awo mahaifinta ne. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, littafi talatin da ɗaya ya cika, ƙarshen watan nan kuma zai yi ritaya.

"Akwai gurbi a shafi na tara," in ji Shugaba. "Dalilin saɓani. Idan muka rubuta kuskuren mai awo, masu duba rahoto ba za su tsaya a fili ɗaya ba, kin san halinsu. Za su ce a cire duk abin da hannunsa ya taɓa. Ni ma ba daɗi nake ji ba, shi ya nuna mini yadda ake riƙe lauje lokacin da na zo. Amma na ga yadda yake miƙar da waya can nesa kafin ya karanta saƙo. Ido ba ya dawwama, Dakta."

"Zuwa yaushe?"

"Gobe ƙarfe takwas rahoton zai tafi."

Ta rufe kwamfutar ta zura a jaka, ta ɗauki makullin mota. Gaskiya ita ma ta ga yadda yake miƙar da wayar.

Ta same shi a tsakar gida yana zaune a kan ƙaramar kujera, ya kwance ɗan sikelinsa yana ɗiga masa mai. Mama tana shanya a igiya, ƙyalle ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannu.

"Ke kuma lafiya da tsakar ranar nan?" in ji Mama. "Ko an kore ki?"

"Lafiya lau, Mama. Baba na zo gani."

"Ga shi nan, shi da amaryarsa. Tun safe yake shafa mata mai. Ni da na yi shekara arba'in a gidan nan ko man ƙafa bai taɓa miƙo mini ba."

Baba ya yi murmushi bai ɗago ba. "Ita ba ta mayar mini da magana, shi ya sa." Sai ya dubi 'yarsa ta saman tabarau. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da sunanta ba. "Uwata, wannan fuskar ba ta gaisuwa ba ce. Faɗi."

Ta durƙusa kusa da shi ta buɗe kwamfutar. Duk hanya tana shirya yadda za ta lallaɓa maganar, amma da ta zo gabansa sai shirin ya watse. Ta nuna masa layukan kawai, ta ce koren na tauraro ne, jan nasa ne.

Ya daɗe yana kallo. "Na sha huɗu ne," ya ce.

"Ya aka yi ka gane?"

"Mutum ya kasa gane rubutunsa don an mayar da shi zane?" Ya fara mayar da ƙusoshin sikelin ɗaya bayan ɗaya. "Wato shi na saman ya ce fili yana ƙara lafiya, ni na ce yana mutuwa. Kuma an ce tsoho ne bai gani."

"Ba wanda ya ce haka, Baba."

"Shugabanku mutumin kirki ne, ba zai faɗa da ƙarfi ba." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Ɗauko mini firam ɗin awo a bayan ƙofa. Rana ba ta yi nisa ba."

Mama ta bi su har bakin mota da gorar ruwa da hularsa mai faɗi. "Ki dawo mini da shi da ƙafafunsa biyu," ta ce, "kada ki bar shi ya yi gardama da abin da ke sama."

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Kwalta ta ƙare, suka hau turɓaya, firam ɗin ƙarfe mai kusurwa huɗu yana ta ƙara a kujerar baya. Taku ɗaya ne tsawonsa, taku ɗaya faɗinsa, kuma ya girme ta. Baba ya rungume jakar littattafansa a cinya, yana kallon daji ta taga kamar mai duba 'yan uwa.

"Shi wannan tauraron naku," ya ce, "yana ganinmu yanzu?"

"Sai gobe da hantsi zai bi ta nan. Ko ya bi ma ba zai gan ka ba, Baba. Ɗigo ɗaya a hotonsa ya kai faɗin tsakar gidanmu."

"Bai gan ni ba, amma ya iya kai ƙarata." Ya girgiza kai. "To me yake gani?"

"Kore. Yana auna hasken da ganye ke mayarwa sama. Inda ganye ya yi yawa, lambar ta hau."

"Aikinsa da sauƙi. Ba ƙaya, ba kunama."

Ta ɗan yi dariya. Tana da shekara tara ya fara zuwa da ita daji lokacin hutu. Shi ya koya mata jefa firam: ka juya baya, ka rufe ido, ka wurga ta saman kafaɗa, don kada zuciya ta zaɓa maka wuri mai kyau. Duk digirin da ta tara daga baya, a kan wannan jifar aka gina su.

Suka tsaya a gindin wata bishiya, suka ƙarasa da ƙafa. Da suka haura ɗan tudun da ke gaban filin, sai ta tsaya cik. Kore ne shar, daga turken gabas har na yamma, ganye ya kai mata ƙirji, iska tana kaɗa shi. Ba ta taɓa ganin fili mai kyan wannan ba a duk dajin. Tauraro ya faɗi gaskiya ke nan. Ta saci kallon mahaifinta, tausayinsa ya kama ta.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya kutsa cikin ganyen, ya juya baya, ya rufe ido, ya wurga firam. Suka bi shi suka same shi. Ya durƙusa a hankali, ya zaro lauje, ya yanke duk abin da ke cikin firam ɗin ya tara a kan buhu. Tuli guda, ya fi ƙarfin runguma ɗaya.

Daga nan sai ya fara tsincewa. Ya ɗauki wani tsiro mai faɗin ganye da kauri a kara, ya jefar gefe. Ya ɗauki wani irinsa, ya jefar. Hannunsa yana tafiya da sauri, ko dubawa ba ya yi sosai. Kafin minti biyar tulin ya koma gefe gaba ɗaya, abin da ya rage a kan buhun 'yan siraran ciyayi ne da ba su cika tafin hannu ba. Su ya zuba a jakar takarda ya rataya a sikeli.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan da ka zubar fa?"

"Baƙuwar ciyawar nan? Me za a yi da ita?" Ya tsinko ganye ɗaya ya murje ya miƙa mata. Wari mai ɗaci ya bugi hancinta. "Ko akuya ba ta kallonta. Dubi ƙasa, Uwata. Kin ga sawun saniya? Kin ga kashin shanu ko ɗaya?"

Ta duba. Ƙasar a shafe take, ba sawu, ba turba, ba alamar baki ya taɓa ganye.

"Shekara huɗu rabon makiyayi ya shigo nan. Da can sai ka kore su kafin ka yi awo. Ta zo ta zauna, ta shaƙe masu gida." Ya karanta sikelin yana miƙar da kai baya. "Wanda ya koya mini aiki ya ce, auna abin da dabba za ta ci. Abin da nake aunawa ke nan."

Dakta ta nemi wuri ta zauna a kan tulin baƙuwar. Ta gane, kuma abin da ta gane bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Shekara takwas da suka wuce, da ta dawo daga karatu da zafinta, aikin farko da ta yi shi ne canja ƙa'idar awo. Ta ce daga yanzu duk abin da ke kore a cikin firam a auna shi, ci ko ba a ci, don wata rana a iya gwada shi da hoton tauraro. A fom layi ɗaya ne ya canja, a bayan takarda, da ƙananan haruffa. Sauran bayanin ta yi shi ne da baki, ranar da ta tara masu awo a ɗakin taro. Da safen ranar ta hango Baba yana tahowa da littafinsa da fensir, zai zauna a benci tare da yaran da ya koya wa aiki, ita kuma ta tsaya a gaban allo. Kunya ta rufe ta. Ta tare shi a baranda ta ce, "Baba, kai ba sai ka shiga ba, ai kai ka koya mana." Ya yi murmushi ya juya. Ta ce a ranta za ta yi masa bayani a gida, kuma ba ta taɓa yi ba. A sauran filayensa baƙuwa ba ta kai ba tukuna, kusan duk abin da ke cikin firam abin ci ne, shi ya sa tsohuwar hanya da sabuwa suka ba da lamba ɗaya.

Ta faɗa masa duka, kanta a ƙasa, tana tsinka ganye ƙanana-ƙanana.

Ya saurara har ta gama. Ya zaro fom daga jaka, ya juya bayansa, ya miƙar da shi nesa, ya matso da shi kusa. "Wannan tururuwar rubutu ce?" ya ce. "Ni na ɗauka adireshin masu buga takarda ne."

Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta.

"Ah ah, Dakta guda tana kuka a daji. Share, kada taurarinku su ɗauka." Ya miƙa mata gorar ruwa. "Wato da na shiga ɗakin nan, da na auna ta duka, da layina ya bi na tauraro."

"Da ya bi."

"Da Bokanku ya ce me?"

Ta san amsar, domin ta gwada a makon jiya. Da lambobin tauraro kaɗai, Boka ya ce filin nan zai ɗauki ninki biyu na shanun da yake ɗauka a da. Ta faɗa masa. Ya dubi filin da ba sawun saniya ko ɗaya a cikinsa, ya ce, "Allah ya kyauta."

"Matsalar ita ce ba mu da shaidar lokacin da ta fara," in ji ta. "Za su ce labari ne muka shirya yau don mu wanke ka."

"Ba ku karanta littattafan ba ne?"

"Mun ɗauki hoton kowane shafi, Baba."

"Na gaba ko na baya?"

Ita ce da bakinta ta ce wa masu ɗaukar hoto su tsaya a shafukan lambobi, sauran ɓata lokaci ne. Baba ya zaro littattafai takwas na ƙarshe daga jakar, ya buɗe mata su daga baya. Rubutun fensir ne, layi ɗaya ko biyu a kowace shekara, da kwanan wata a gefe, haruffan suna ƙara girma yadda idonsa ke ƙara rauni.

"Baƙuwa guda shida kusa da turken gabas. Uwata ta dawo daga karatu."

"Baƙuwa ta kai idon sawu, kwata na fili. Uwata ta sayi mota, ba ta iya ribas ba."

"Ta kai gwiwa, rabin fili. Uwata ta haihu, mace, hancin nawa ne."

"Ta kai cinya. Shanu sun daina shiga."

Haka har bara, da ta kai ƙugu ta cinye filin duka. Dakta ta karanta sau biyu. A karon farko 'ya ce ke karantawa, ba ta ga komai ba sai kanta. A karo na biyu ma'aikaciya ta farka a cikinta, ta ga abin da ke hannunta: tazarar da ke tsakanin koren layi da jan layi, shekara bayan shekara, ita ce girman baƙuwa. Tauraro ya ƙirga kore daidai, Baba ya ƙirga abinci daidai. Babu ɗayansu da zai iya gaya wa Boka gaskiyar filin nan shi kaɗai.

"Wannan zai shiga rahoto," ta ce. "Duka. Zan cire maganar ribas dai."

"Ki bar ta, ita ma gaskiya ce." Ya karɓi littattafan yana jera su. Sai ya yi gyaran murya, muryarsa ta koma irin wadda yake yi mata magana da ita tana ƙarama. "Amma gurbin nan da Shugaba ya ce ki cike. Dole a ce wani ya yi kuskure, ko ba haka ba?"

"Dole a faɗi dalilin da ya sa ba a bi ƙa'ida ba."

"To rubuta mai awo bai karanta bayan fom ba. Ba ƙarya ba ne, ban karanta ba."

"Idan na rubuta haka za su cire littattafanka, Baba. Talatin da ɗaya."

"Su cire. Takarda ce. Ni saura kwana goma sha biyu in koma gida in dami uwarki. Ke kuwa yanzu kika fara, ke kika horar da duk masu awon nan. Idan kika ce kin bar mutum ɗaya a waje don kunya, gobe wa zai yarda da sauran aikinki?" Ya ɗora hannu a kanta, hannun yana warin ganyen nan mai ɗaci. "Ban taɓa roƙonki komai ba a aikin nan. Ki ji maganata."

Maganarsa gaskiya ce, ta san za a yi mata tambayoyin da ba za ta ji daɗinsu ba, wataƙila a ɗakin taron nan da ta hana shi shiga. Kuma tun da ta yi wayo ba ta taɓa ce masa a'a ba. Ko da ya zaɓa mata makarantar da ba ta so, "to" ta ce.

Ta buɗe kwamfutar a kan gwiwarta, ta kare allon daga rana da gefen mayafinta, ta gangara shafi na tara. Ta rubuta a hankali, tana karantawa a fili don ya ji: "Mai awo ya bi tsohuwar ƙa'ida daidai, ba tare da kuskure ba, shekara talatin da ɗaya. Jami'ar da ta canja ƙa'idar ba ta sanar da shi ba. Jami'ar ita ce mai rubuta wannan rahoto."

"Uwata."

"Na riga na adana, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Ta jira faɗa, ba ta samu ba. Ya sunkuya ya ɗauki littafin bana, ya buɗe shi daga baya, ya lashi bakin fensir kamar yadda ya saba. Ya miƙe tsaye ya gwada tsawon ganyen da jikinsa, sannan ya yi rubutu da manyan haruffansa, ya daɗe a kan layi ɗaya. Da ya gama sai ya ajiye littafin a buɗe a kan buhu, ya tafi ɗauko firam.

Ta leƙa.

"Baƙuwa ta kai ƙirji. Uwata ta ƙi jin magana."

Daga cikin ganyen ya kira ta, yana miƙo mata firam ɗin. "Saura jifa huɗu kafin rana ta faɗi. Zo ki nuna mini sabuwar ƙa'idar taki, tunda yau an bar ni na shiga aji."